Kafin ka biya kuɗin manhajar gano abin da ke sa rumbun bayanai nauyi

Idan rumbun bayanai ya fara jan ƙafa, abokan ciniki suna kira shafi ya ƙi buɗewa, abin da ke fara zuwa wa mutum shi ne ya ƙara wa sabar (kwamfutar da rumbun yake a kai) ƙarfi. Na yi wannan kuskuren. Na ninka kuɗin haya, ba a yi wata ba nauyin ya dawo. Ashe wata 'yar tambayar SQL ce (yaren da ake yi wa rumbun tambaya da shi) mai saurin gaske, amma manhajar shafin tana aika ta sau dubbai a kowane buɗe shafi. Tun daga ranar ma'aunina ɗaya ne: kayan aikin da ba zai nuna mini jimillar lokacin da kowace tambaya ta cinye ba, ba na sayensa.

Shi ya sa ga mai rumbun PostgreSQL nake cewa ya fara da wani ƙari mai suna pg_stat_statements. Kyauta ne, cikin kunshin PostgreSQL yake zuwa. Za ka sa sunansa a saitin shared_preload_libraries, ka sake tayar da sabar (ka yi da dare, don Allah), sannan ka ƙirƙiri ƙarin a rumbun. Daga nan yana tattara tambayoyi masu siffa ɗaya wuri guda, ya maye lambobin da ke cikinsu da $1 da $2, ya ƙirga sau nawa aka kira kowacce. Ka jera su da total_exec_time (jimillar lokaci), ba mean_exec_time (matsakaicin lokacin kira ɗaya) ba. Kafin sigar 13 sunan ginshiƙin total_time ne. Layuka biyar na sama su ne yawanci ɓarayin. Ka ɗauki na farko ka gwada da EXPLAIN ANALYZE, umarnin da ke nuna yadda rumbun yake aiwatar da tambaya, nan take za ka ga ko yana bin teburi layi-layi saboda babu fihirisa (index, jerin da ke kai rumbun ga layin da yake nema kai tsaye). Amma hattara, wannan umarni yana aiwatar da tambayar da gaske. In DELETE ne, wato umarnin gogewa, ka kewaye shi da BEGIN da ROLLBACK don a warware gogewar, in ba haka ba sai dai ka nemi ajiyar jiya.

Wani kayan aikin, pgBadger, yana karanta fayil ɗin log (inda rumbun ke rubuta abin da ya faru) ya fitar da rahoto mai kyan gani, sai dai labarin jiya yake ba ka. Masu rumbun MySQL su kunna slow query log, wanda ke rubuta tambayoyi masu jinkiri, su tuna long_query_time, wato lokacin da sai tambaya ta wuce shi za a rubuta ta, a asali daƙiƙa 10 ne, wanda ya yi yawa ƙwarai. Su rage shi, su niƙa fayil ɗin da pt-query-digest na kamfanin Percona. PMM, kayan sa ido a kan rumbu, shi ma na Percona, kyauta ne kuma yana da zane-zane, amma yana son sabar tasa. Datadog da New Relic da pganalyze ba laifi, sai dai da dala ake biya, kuma kowa ya san yadda naira take.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne masu yawo a zaurukan WhatsApp da Telegram suna tallan manhajar kuɗi da aka fasa, wai a ba su 'yan dubbai. Malam, kayan aikin irin wannan sai ka ba shi sunan shiga da kalmar sirrin rumbunka kafin ya yi aiki. Sunayen abokan cinikinka da lambobin wayarsu duk suna can. Ka san wanda ya fasa ta? Ka san inda take aika abin da ta gani? Haka nan mai cewa yana da wata manhaja da za ta gyara nauyi da dannawa ɗaya. Wani ya taɓa zuwa mana da irin wannan, ya zuba fihirisa a kusan kowane ginshiƙi, karatu ya ɗan yi sauri, rubuta sabon bayani kuwa ya koma tafiyar hawainiya. Duk wanda za ka ɗauka aiki, ka ce ya nuna maka tsarin EXPLAIN na kafin gyara da na bayansa. In zai duba kawai, ka buɗe masa asusu mai matsayin pg_monitor, na sa ido kawai, kada ka miƙa masa na superuser mai cikakken iko, kuma ka rufe asusun ranar da ya gama.