Sharhi a kan ƙaramin ampilin da na saya wa kaskena

Wata uku ke nan ina amfani da wani ƙaramin ampili, wato na'urar ƙara ƙarfin sauti, na lasifikar kunne (kaske) da na saya a Babbar Kasuwar Yamai, kuma har yau zuciyata ba ta tsaya wuri ɗaya a kansa ba. Aikina shi ne sauraron hirarrakin da aka ɗauka da dattawan ƙauyukan Adar ina mayar da su rubutu. Kasken da nake aiki da shi na hannu ne, irin na ɗakin ɗaukar sauti, mai om 250, alhali ƙananan da ake cusawa a kunne yawancinsu om 16 zuwa 32 ne (om shi ne ma'aunin yadda kaske yake tare wutar lantarki, kuma mai om da yawa ya fi wuyar tayarwa). Shi ya sa in na jona shi da waya, ko na ƙure ƙara, murya takan zo ƙasa-ƙasa kamar daga cikin rijiya.

Daren farko ya burge ni matuƙa. Akwai wani dattijo na wajen Tawa da na yi mako ina fama da maganarsa saboda yana haɗiye ƙarshen kalma, sai ga shi ina jin kowane harafi, har da numfashinsa kafin ya ɗauko sabon zance da ƙarar kofin shayi a kan faranti. Da a wannan dare aka tambaye ni, da na ce kowa ya je ya saya.

Matsalar ta fito ne a wani daren Alhamis, lokacin da nake da aikin da zan miƙa da safe. Batirin ampilin ya ƙare ban kai rabin awoyin da aka rubuta a kwali ba, na ce ba komai, na sa shi caji na ci gaba. Nan take wata ƙara mai kama da kukan sauro ta cika mini kunne, a ƙarƙashinta kuma akwai wani gurnani mai kauri da ba ya yankewa. Na canza soket, na canza wayar sauti, na mayar da shi kan kwamfuta, abin sai ƙaruwa ya yi, musamman idan ita ma kwamfutar tana jone da wuta. Muryar dattijon da na yi murnar samu ta nutse a cikin wannan hayaniya, na zauna ina jiran batiri ya cika har bayan ƙarfe biyu na dare.

Da na koma wurin mai shagon, amsarsa ita ce: "Malam, ai duk haka suke, kuma ka gwada da kunnenka kafin ka biya." Gaskiya ne na gwada, amma a kan batiri ya gwada mini, kuma ban yarda cewa bai san abin da caji yake haifarwa ba. Wani mai gyaran rediyo a kasuwar Katako ne ya yi mini bayani, cewa caja mai araha tana zuba dattin lantarki a layin da sauti yake bi, gurnanin kuma na wutar gida ne mai bugawa sau 50 a daƙiƙa. Ya ce in riƙa ba shi wuta daga batirin ajiya na waya. Na gwada, ƙarar ta ɗauke ɗif.

Don haka yanzu yana aiki, kuma sautinsa ya fi kuɗinsa, wannan ba zan ɓoye ba. Sai dai kullum ina yawo da abubuwa uku a jaka maimakon ɗaya, ga maɓallin ƙara da idan na rage shi sosai kunnen hagu yake riga na dama ji, abin da ban lura da shi ba sai da ɓacin rai ya sa na fara sauraro da idon basira. Wanda kaskensa bai wuce om 32 ba, a ganina ba ya bukatarsa ko kaɗan. Wanda kuma yake da irin nawa, ya sa mai shago ya jona ampilin da caji a gabansa, ya kashe waƙa, ya saurari shirun na minti ɗaya kafin ya ciro kuɗi.