Sharhi: Bakan Farautar Barewa Mai Laba 50 Zuwa 60, da Dalilin da Ya Sa Na Tsayar da Shi a 55

Bakan da nake sharhi a kansa irin na zamani ne, mai wili a ƙarshen kowane hannu, ƙirar da Holless Wilbur Allen na jihar Misuri ta Amurka ya samu rajistarta a 1969. An rubuta a jikinsa cewa nauyin jansa yana tsakanin laba 50 da 60, kuma idan an ja shi ya cika, kashi 80 cikin ɗari na nauyin yana sauka daga hannu. Tsawon jana inci 28 ne. Na harba shi a kan 60, na harba shi a kan 50, daga bisani na tsayar da shi a 55, wato kusan kilo 25, kuma a nan na bar shi. Ga namiji baligi mai matsakaicin ƙarfi wanda barewa yake nema, ina ganin wannan zangon ya fi mai laba 60 zuwa 70 da yawancin mutane ke miƙa hannu su ɗauka.

Abu na farko da ya kamata a gane shi ne inda nauyin yake cizo. Mutane suna kallon nauyin riƙo, alhali ba a nan matsalar take ba. Da sassaucin kashi 80, mai laba 70 yana riƙe da 14 bayan ya cika ja, mai 60 yana riƙe da 12, mai 55 kuma 11. Bambancin laba uku ne kacal. Wahalar tana tsakiyar ja, lokacin da tsirkiya ta baro wurinta da ƴan inci kaɗan, hannu bai kai inda tsokar baya za ta karɓi aikin sosai ba, wilin kuma bai juya ya saki nauyin ba. A wannan gaɓar dole kafaɗa ta ɗauki dukkan nauyin. Wanda bakansa ya fi ƙarfinsa, nan ake gane shi: zai ɗaga bakan sama, ya karkata baya, ya fizgo tsirkiya da ƙarfi. Wannan motsin kaɗai ya isa barewar da ke yadi 20 ta gan shi, ga kuma haɗarin kibiya ta kuɓuce ta yi sama idan yatsa ya taɓa kunamar masaki, wato na'urar da ake sakin tsirkiya da ita.

Gwajin da na fi yarda da shi ba ya buƙatar komai sai kujera. Ka zauna, ka ɗaga ƙafafunka daga ƙasa kaɗan, ka ɗana kibiya, ka nufi abin saiti da bakan, sannan ka ja a hankali kai tsaye zuwa gefen bakinka ba tare da bakan ya bar kan saiti ba. Ka riƙe daƙiƙa 30 zuwa minti ɗaya, domin dabba takan tsaya a bayan kututture ta ƙi fitowa. Daga nan ka mayar da tsirkiyar a hankali ba tare da ka harba ba. Wannan mayarwar ita ce ainihin jarrabawar, saboda nauyin yana dawowa gaba ɗaya a lokaci guda, ya tashi daga 11 ya koma 55 cikin inci ɗaya ko biyu, yana neman fizge hannu. A kan 60 ina iya yin wannan sau uku ko huɗu kafin gwiwar hannuna ta fara rawa. A kan 55 ina yi sau goma, allurar saiti ba ta yawo. Kuma wannan da jiki a sake ne. Wanda ya zauna awa uku a kan bishiya cikin sanyin asuba, sanye da riga mai kauri, tsokarsa ta ɗaure, ba zai samu ƙarfin da yake samu a filin gwaji da rana ba. Saboda haka duk nauyin da ka ga shi ne iyakar ƙarfinka, ka rage laba biyar zuwa goma daga kai.

To, laba 55 ta isa kuwa? Ta isa har da ragi. Gudun da kamfanoni ke bugawa a jikin kwali ana auna shi ne da laba 70, jan inci 30 da kibiya mai giren 350, yanayin da kusan babu mafaraucin da ke harbi a cikinsa. Giren ma'aunin nauyin kibiya ne, giren 15 da ɗoriya ke yin giram ɗaya. Ƙiyasin da ake bi shi ne kowane inci ɗaya da aka rage a tsawon ja yana cin kusan ƙafa 10 a daƙiƙa, kowane giren uku da aka ƙara wa kibiya kuma yana cin kusan ƙafa ɗaya. Idan aka ɗauki bakan da aka rubuta masa gudun ƙafa 330 a daƙiƙa, aka ja shi inci 28 a kan laba 55 da kibiya mai giren 420, lissafi, haɗe da abin da ragin laba 15 ke ci, zai sauka a kusan ƙafa 255. Ƙarfin bugu kuma ana samunsa ta hanyar ninka gudun da kansa, a ninka da nauyin kibiya, a raba da 450,240. Amsar a nan kusan 60 ce a ma'aunin ƙafa-laba. Jadawalin da maharba suka daɗe suna amfani da shi ya sa barewa tsakanin 25 da 41. Kirjin barewa ba shi da faɗi, haƙarƙarinta sirara ne, kibiyar da ta shiga daidai bayan ƙafar gaba tana ratsa huhu biyu ta fita ta ɗaya gefen. Wannan fitar ce ake nema, domin rami biyu ke ba da sawun jini mai kyau, dabba kuma ba ta daɗewa cikin wahala. Ƙarin laba 15 ba ya ƙara komai a kan kibiyar da ta riga ta fita ta cake a ƙasa. Idan kuma harbi ya kauce ya faɗa ciki ko cinya saboda hannu yana rawa, laba 70 ba za ta gyara shi ba.

Akwai masu cewa gudu yana hana barewa kaucewa. Sauti yana tafiyar sama da ƙafa 1,100 a daƙiƙa, ya ninka gudun kibiya fiye da sau uku, don haka ƙarar tsirkiya tana riga kibiya isa kunnenta ko da wane baka aka harba. Barewar da ke cikin shiri takan durƙusa don ta zabura, kibiya ta wuce ta saman bayanta. Maganin wannan shi ne baka mai shiru, kibiya mai ɗan nauyi da ke shanye girgiza, da kuma tazara gajera. Inda gudu ke da amfani na gaskiya shi ne wajen kuskuren ƙiyasin tazara: kibiya mai gudu ba ta saurin faɗuwa, don haka idan ka ɗauka yadi 30 ne alhali 34 ne, kuskuren ba ya yin yawa. A ƙasa da yadi 30, inda galibin harbin barewa da baka ke faruwa, bambancin bai taka kara ya karya ba.

Sauya nauyi a wannan bakan yana da sauƙi, kuma yana cikin abubuwan da na fi so game da shi. Kowane hannu yana da babban kusa guda da ke ɗaure shi da gangar bakan, ana juya shi da alanki. Ɗaurewa tana ƙara nauyi, kwancewa tana ragewa. Hanyar da ta fi tsabta ita ce ka ɗaure duka biyun har su tsaya, ba tare da matsawa da ƙarfi ba, sannan ka kwance kowanne da adadin juyi iri ɗaya daidai wa daida. Ka sa ɗigon fenti a kan kowane kusa don ka iya ƙirga juyin. A nawa, juyi ɗaya cikakke yana sauya kusan laba uku, amma wannan ya bambanta daga baka zuwa baka, wasu biyu, wasu huɗu. Idan na sama ya fi na ƙasa kwancewa, hannuwan ba za su yi aiki tare ba, wurin zaman gindin kibiya zai gusa, kibiya ta riƙa fita tana lilo sama da ƙasa. Kada kuma ka wuce iyakar juyin da littafin bakan ya faɗa. Hannuwan suna cikin matsi a kowane lokaci, idan kusan ya fita daga zarensa bakan zai tarwatse a hannunka.

Kada ka yarda da abin da aka rubuta a jiki, ka auna da sikelin rataye. Nawa da aka rubuta 60, da na ɗaure shi gaba ɗaya sikeli ya nuna kusan 62. Wannan ba aibi ba ne, amma ya shafi zaɓen kibiya.

Nan ne kuma dalilin da ya sa na fi son mai 50 zuwa 60 a kan a sayi mai 60 zuwa 70 a kwance shi har ƙasa. Bakan da aka kwance shi zuwa iyakarsa yakan ɗan saki jiki, tsirkiya ba ta ɗaure tam, ƙara ta ƙaru. Da na sauke nawa zuwa 50 na ji hakan a tafin hannu, wata ƴar girgiza bayan harbi wadda babu ita a 55. Mai 60 zuwa 70 kuwa ba zai ma sauka zuwa 55 cikin aminci ba. Gara nauyin da kake so ya faɗo a tsakiya ko saman zangon bakan.

Duk lokacin da ka taɓa nauyi, kibiya ma sai an sake duba ta. Taurin kyauron kibiya ana rubuta shi da lamba, 500, 400, 340, 300, kuma ƙaramar lamba ita ce mafi tauri. Lambar tana nuna yadda kyauron ke lanƙwasa idan an ɗora shi a kan madogara biyu masu tazarar inci 28 aka rataya masa laba 1.94 a tsakiya: mai 400 yana lanƙwasa inci 0.400. A kan laba 55, da kibiya mai tsawon inci 28 zuwa 29 da kai mai giren 100, lamba 400 ce ta zauna mini daidai. Da na haura 60 na sa kai mai giren 125, sai da na koma 340. Kibiyar da ta yi laushi takan ɓoye aibinta da kan gwaji, amma da zarar an ɗaura mata kan farauta mai reza, rezar ta zama kamar fiffike a gaba, sai ka ga ta faɗi tafin hannu guda daga inda sauran ke taruwa. Hanya mai sauƙi ta ganewa ita ce a harba ta cikin takardar da aka miƙe a firam daga nisan yadi biyu. Rami mai tsabta da tsaga uku na gashin kibiya yana nufin tana fita a miƙe. Doguwar yaga zuwa gefe tana nufin akwai gyara, ko a taurin, ko a matsayin madogarar kibiya.

Kada nauyin kibiya ya gaza giren biyar ga kowace laba. A kan 55, giren 275 ke nan, kuma wannan iyaka ce ta kare baka kawai. Kibiya mara nauyi ba ta ɗauke ƙarfin da hannuwa suka tara, ragowar ya koma cikin tsirkiya da wili, kusan kamar an saki tsirkiya babu kibiya. Don farauta, giren bakwai zuwa takwas ga kowace laba ya fi dacewa.

Batun kan kibiya kuma ya danganta da nauyin da ka tsaya a kai. Kai mai buɗewa, wanda rezarsa ke ninke har sai ya bugi dabba, yana cin wani kaso na ƙarfi wajen buɗewa, ga faɗin yankansa yakan kai inci biyu. A kan 55 da jan inci 28 yana aiki. Ga mai laba 40 zuwa 45, ko mai gajeren ja na inci 25 ko 26, ban ba da shawararsa ba. Irin wannan maharbin ya nemi kai mai kafaffiyar reza biyu da ke fara yanka tun daga tsini, ya wasa ta har ta iya aske gashin hannu, ya tsaya a cikin yadi 20, kuma ya jira dabba ta ba shi gefe sosai don ya kauce wa allon kafaɗa. Da wannan tsarin laba 40 tana kashe barewa da tsabta.

Doka ma tana da ta cewa. A Amurka kowace jiha da nata: Minesota ta sa mafi ƙaranci laba 30, Pensilbeniya 35 ga barewa, Alaska 40 ga barewa da 50 ga manyan dabbobi. Birtaniya ta hana farauta da baka gaba ɗaya, Faransa kuma ta halatta shi tun 1995 ga wanda ya yi horo na musamman. Waɗannan ƙa'idodin suna sauyawa, a duba na shekarar kafin a fita.

Abin da bai yi mini daɗi ba a bakan shi ne tsirkiyar da ya zo da ita. Cikin harbi ɗari biyu na farko ta ɗan miƙe, ƴar tagar leƙe da ke cikinta ta juya gefe, ta yadda idan na cika ja ba na ganin allurar saiti sosai sai na murɗa ta da yatsa. Sai da aka sa bakan a matsi aka ƙara wa tsirkiyar rabin murɗi kafin ta zauna, sannan na sake saiti daga yadi 20. Don haka kada ka wahalar da kanka wajen kafa saiti na dindindin kafin ka wuce wannan adadin. Wurin da ja ke cika ma gajere ne: idan ka ɗan saki baya ko da rabin inci, wilin zai nemi komawa. A kan 60 wannan yakan fizge ni, a kan 55 ina iya tare shi.

Wanda bai taɓa jan baka ba kada ya fara da wannan, ko da yana da ƙarfi, domin tsokar da ke tsakanin allunan kafaɗa ba ta samun irin wannan aikin a harkokin yau da kullum. Ya nemi baka mai faɗin zango, ya fara daga laba 30 zuwa 35, ya riƙa harba kibiya 20 zuwa 30 sau uku a mako, yana ƙara laba biyu duk bayan mako biyu ko uku. Idan ya ji zafi mai tsini a gaban kafaɗa ko a samanta, wanda ya bambanta da gajiyar tsoka, ya dakata, ya koma nauyin da ya baro, idan kuma zafin ya ƙi tafiya ya ga likita. Mai bakan gargajiya mara wili kuma lissafinsa daban ne, tun da shi yana riƙe da dukkan nauyin har ya saki, kuma lambar da ke jikin bakansa ta jan inci 28 ce, tana raguwa da kusan laba biyu zuwa uku a kowane incin da jansa ya gaza hakan. A irin wannan bakan, 40 zuwa 45 a tsawon jan mutum shi ne abin da zan zaɓa don barewa.