Shagon da ya ƙi yi wa kwamfutata fomat bayan na koma Windows 11

Aikina shi ne riƙe lissafin kuɗi da sakamakon jarrabawa a wata makarantar kuɗi da ke cikin birnin Kano, kuma kusan duk abin da nake yi yana cikin kwamfutar tafi-da-gidanka guda ɗaya wadda na saya ta hannu shekara huɗu da suka wuce. Da wa'adin Windows 10 ya cika a ranar 14 ga Oktoba, 2025, kamfanin Microsoft ya daina aiko da gyare-gyaren tsaro sai ga wanda ya yi rajistar ƙarin wa'adi, sai na ga bai dace in ci gaba da ajiye bayanan 'ya'yan mutane a kan manhajar da aka daina toshe kafofinta ba. Na karɓi tayin komawa Windows 11 a wani dare, aikin ya kammala lafiya, kuma duk takarduna suna nan inda na bar su.

A rana ta uku matsala ta fara. Ina cikin shigar da maki sai allon ya koma baƙi, aka rubuta cewa na'urar ta gamu da matsala kuma za ta sake tashi, abin da ban adana ba kuwa ya tafi. Masu gyara har yanzu shuɗin allo suke kiran wannan, ko da yake a sabon Windows 11 launinsa ya koma baƙi. Da farko sau ɗaya a yini take yi, daga baya ta kai sau huɗu ko biyar. Mutum biyu na kai wa ita kafin shagon da nake magana a kansa, kuma dukansu magana ɗaya suka yi mini tun kafin su kunna ta: a yi mata fomat, a sake ɗora komai. Wani abokin aikina ne ya kwatanta mini wani ƙaramin shago a bene na farko na wani gini a yankin titin Beirut, ya ce mai shagon ba ya gaggawar goge kwamfuta.

Abin da ya fara burge ni shi ne tambayoyinsa. Injiniya, kamar yadda maƙwabtansa ke kiransa, ya nemi sanin ranar da na yi sauyin, da abin da nake yi a duk lokacin da ta mutu, da kuma ko Windows ne da kansa ya yi mini tayin ko wani ne ya ɗora mini shi ta bayan gida. Tambayar ƙarshen nan tana da muhimmanci a kasuwarmu, domin Windows 11 yana neman na'ura mai guntun tsaro na TPM 2.0, da ram (wato ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita idan tana kunne) aƙalla gigabait 4, da ma'ajiya gigabait 64, sannan idan injin Intel ne ya kasance daga zubi na takwas zuwa sama, amma kwamfutocin da ake shigo da su na hannu da yawansu ba su kai haka ba, sai a tsallake sharuɗɗan a ɗora musu shi da ƙarfi. Tawa zubi na takwas ce, saboda haka ta cancanta. Da ya ji cewa kwana goma sha biyu ke nan da yin sauyin, sai ya ce: “Malam, da ka zo shekaranjiya da wata ƙofa a buɗe take.” Ya bayyana mini cewa Windows yana ajiye tsohuwar manhajar a wata jaka mai suna Windows.old na tsawon kwana goma, kuma a cikin wannan wa'adi mutum yana iya komawa inda ya fito ba tare da ya rasa takardunsa ba. Ban san da wannan ba, kuma ina roƙon duk wanda zai yi irin sauyin nan ya rubuta ranar a takarda.

Kafin ya taɓa komai ya sa yaronsa ya kwafe dukan takarduna zuwa wata ma'ajiya ta waje, sannan ya tambaye ni mabuɗin BitLocker, wato tsarin Windows da ke kulle bayanan ma'ajiya. Ban ma san an kulle ma'ajiyata da shi ba. Ya nuna mini yadda zan shiga asusuna na Microsoft ta wayata in ga lambobin nan 48, ya sa na kwafe su da hannuna, domin a cewarsa sabunta manhajar BIOS, wadda ke tayar da kwamfuta kafin Windows ya tashi, ko sauya wani sashe na na'ura yana iya sa kwamfuta ta ƙi buɗewa sai an ba ta wannan mabuɗi, kuma wanda ba shi da shi babu mai gyaran da zai iya ceto masa bayanansa. Wannan mataki kaɗai ya sa hankalina ya kwanta da shi.

Daga nan ne ainihin binciken ya fara, kuma a nan shagon ya yi wa sauran fintinkau. Ya buɗe Reliability Monitor, wani shafi da ke cikin Windows wanda ke jera kwanaki yana sa jar alama a duk ranar da aka samu matsala. Ya juyo da allon wajena muka ƙirga tare, muka samu mutuwa ashirin da uku. Bai ɗauke su a matsayin ciwo ɗaya ba, sai ya raba su kashi uku. Kashi na farko waɗanda ba su bar komai ba sai shaidar Kernel-Power mai lamba 41, wadda ma'anarta kawai ita ce kwamfuta ta mutu ba a kashe ta yadda ya kamata ba. Ya dubi lokutan, ya tambaye ni halin da batirina ke ciki, na faɗa masa gaskiya cewa ba ya riƙe caji ko na minti biyar. Ya ce waɗannan guda shida ɗauke wuta ne ko sauyawa zuwa janareto, babu ruwan Windows da su. Na yi mamakin yadda na haɗa su da sauran a raina ba tare da na lura ba.

Sauran goma sha bakwai sun bar ƙananan fayiloli a jakar Minidump, inda Windows ke rubuta halin da yake ciki a daidai lokacin da ya faɗi. Ya karanta su ɗaya bayan ɗaya da manhajar WinDbg. Mafi yawansu suna ɗauke da saƙon DRIVER_IRQL_NOT_LESS_OR_EQUAL, kuma duk suna nuna fayil guda, wato direban katin Wi-Fi. Direba, a bakin masu gyara, ita ce ƙaramar manhajar da ke tsakanin Windows da kowane sashe na na'ura, kamar lasifika ko firinta ko katin intanet, kuma tun da tana aiki ne a can cikin zuciyar manhajar, idan ta taɓa inda bai kamata ba a cikin ram, Windows yakan zaɓi ya tsayar da komai maimakon ya bar bayanai su lalace. Direbar tawa tsohuwa ce ƙwarai, wadda wanda ya sayar mini da kwamfutar ya ɗora daga wani tarin direbobi, kuma sauyin ya taho da ita kamar yadda ya same ta. Hakan ya yi daidai da abin da na lura da shi, cewa kwamfutar ta fi mutuwa idan na haɗa ta da intanet ɗin wayata ko na ɗaga murfinta bayan ta yi barci. Don ya tabbatar, ya tashe ta a Safe Mode, inda ba a loda mafi yawan direbobi, ya bar ta tana aiki awa biyu ba ta yi ko tari ba. Sai ya cire tsohuwar direbar gaba ɗaya, ya sauko da sabuwa daga shafin kamfanin da ya ƙera kwamfutar, ya dakatar da BitLocker, ya jona ta da inbata, ya sabunta BIOS, sannan ya bi da umarnin DISM da na sfc /scannow don gyara duk fayil ɗin Windows da yawan mutuwar nan ya ɓata.

Na ɗauka an gama, amma ya ce tsugunne ba ta ƙare ba. Akwai guda huɗu masu saƙon MEMORY_MANAGEMENT waɗanda kowanne ke nuna fayil daban, kuma a cewarsa idan laifi yana yawo haka daga wannan manhaja zuwa waccan, ram ɗin kansa ake fara tuhuma. Ya nemi in bar ta ta kwana. Ya tashe ta daga filashi da MemTest86, wanda ke rubuta lambobi a kowane lungu na ram yana sake karanta su, kuma da safe ya nuna mini hoton allon cike da jajayen layuka. Kwamfutar tana da sanda biyu na ram, kowanne gigabait 8. Ya gwada su ɗai-ɗai, na asali ya wuce lafiya, wanda aka ƙara mini a wani wuri bara ya faɗi. Na tambaye shi dalilin da ya sa bai taɓa damuna a Windows 10 ba. Ya buɗe tsofaffin bayanan da suka rage, ya ce mai yiwuwa ya sha yi jefi-jefi na ɗauka tsautsayi ne, kuma a fahimtarsa sabuwar manhajar ta fi cika ram, saboda haka ta fi yawan taka wurin da ya lalace. Ya faɗi wannan a matsayin zato, bai rantse a kansa ba, kuma na ji daɗin hakan.

Abin da nake so mai karatu ya duba shi ne, da na yarda an yi fomat ɗin nan, da matsalar direba wataƙila ta tafi, amma lalataccen ram yana nan, mataccen batir yana nan, ga kuma fayilolin Minidump da suka nuna hanya an goge su. Da na biya kuɗi, na ɓata kwana biyu ina sake ɗora manhajar lissafi da ta firinta, sannan bayan mako guda allon ya sake yin baƙi, in koma ina zagin Windows 11 a kan laifin da ba nasa ba.

Shagon yana da nasa naƙasu, kuma ba ƙanana ba ne. Wanda ya fi ɓata mini rai shi ne yadda suke riƙe kalmar sirri: yaron shago ya rubuta tawa a kan farin salatif ya manna a murfin kwamfutar, ya ajiye ta a kan kantar shago tare da wasu guda bakwai ko takwas masu irin wannan manni, a wurin da kowa ke shiga yana fita. Kwamfutar da ke ɗauke da sunayen yara da lambobin wayar iyayensu bai kamata a bar ta haka ba. Na yi magana, Injiniya ya ba ni haƙuri ya cire, amma ga alama al'adarsu ce. Shawarata ga wanda zai je ita ce ya buɗe wa mai gyara asusu na wucin gadi, ko ya sauya kalmar sirrinsa da zarar ya karɓi kayansa, kamar yadda na yi.

Sai batun lokaci da kuɗi. An ce mini kwana ɗaya, aikin ya ci uku, kuma ba wanda ya kira ni. Ni ne na riƙa bugowa, sau biyu ma ba a ɗauka ba. Ban zarge su da jinkirin gwajin ram ba, tun da abu ne mai cin awanni, amma saƙo guda ɗaya da ya wadatar. Ba a faɗa mini kuɗin aiki ba sai a ƙarshe, inda na biya naira 15,000 na bincike da gyara, da naira 18,000 na sandan ram wanda shi ma na hannu ne. Ban ga tsada a ciki ba idan aka duba aikin da aka yi, sai dai mutum yana da haƙƙin sanin abin da zai biya kafin a kwance masa na'ura. Garantin wata ɗaya da aka ba ni a kan ram da baki ne kawai, kuma sai da na matsa kafin aka rubuta mini rasit mai ɗauke da lambar sandan. Wurin kansa matsattse ne, kujerar baƙi ɗaya ce, kuma ƙurar da ke shigowa ta taga ba ta dace da ɗakin da ake buɗe cikin kwamfuta ba.

Ga wanda ke son a goge masa komai ya karɓi kwamfutarsa kafin la'asar, wannan shago zai gajiyar da shi, domin Injiniya ba ya sakin na'ura sai ya ga dalilin ciwonta a rubuce. Ga wanda abincinsa ke cikin kwamfutarsa, kamar akawu ko mai shagon buga takardu ko ɗalibin da ke rubuta kundin digiri, ina ba shi shawarar ya je, ya tafi da cajarsa da ma'ajiyar waje tasa, ya kuma rubuta saƙon da ke ƙasan allo a duk lokacin da ta mutu, ko ya ɗauki hotonsa da waya, domin shi ne abu na farko da za a tambaye shi.

Yau mako bakwai da karɓo ta. Na fitar da sakamakon zangon farko gaba ɗaya a kanta, kuma ina buɗe Reliability Monitor duk ranar Asabar kamar yadda ya koya mini. Jar alama biyu kawai na gani a tsawon wannan lokaci, dukansu a ranakun da aka ɗauke wuta ina tsakiyar aiki. Batirin ne ban saya ba tukuna, kuma idan albashi ya shigo can zan koma a saka mini shi.