Sashen Tarihi na ABU Zariya: ra'ayin wanda ya yi digiri na biyu a can

Duk wanda ya tambaye ni inda zai karanta tarihi a Arewa, Sashen Tarihi na Jami'ar Ahmadu Bello (ABU) da ke Samaru nake nuna masa. Ni malamin sakandare ne, kuma a wannan sashe na yi digirina na biyu a kan kasuwancin goro.

Sashen tsoho ne. Marigayi Farfesa Abdullahi Smith ne ya fara jagorantarsa bayan an buɗe jami'ar a 1962, kuma a nan marigayi Dakta Yusufu Bala Usman ya koyar har ya rasu a 2005. Tarbiyyarsu tana nan: ba a karɓar "an ce". A taron gabatar da takarda, malamai da ɗalibai za su bi aikinka shafi-shafi. Wa ya faɗa maka? Shekarunsa nawa? Me Baturen mulki yake nema da ya rubuta wannan rahoto? Za ka yi gumi, amma ka fita da aiki mai ƙwari.

Abin da ya fi burge ni shi ne tsofaffin rubuce-rubucen hannu na Larabci da ajami da aka tattara. Ranar da na fara ganin wata wasiƙa, takardar ta yi ja, tawadar kuwa raɗau, sai da tsigar jikina ta tashi. Ga kuma Gidan Arewa a Kaduna, tsohon gidan Sardauna, cibiyar binciken tarihi da aka kafa a 1970, wadda ke ƙarƙashin jami'ar.

Shawarata ga mai niyyar zuwa: ka gyara Larabcinka tun daga gida, ka kuma tanadi kuɗin mota, domin Kaduna da ƙauyuka za su gan ka sosai.