GARGAƊI: Mai tallan yawon buɗe ido zuwa gaɓar tekun Afirka ta Kudu ya cinye min Naira miliyan 4 da dubu 650

Jama'a, duk wanda ya ga tallan hutun gaɓar teku a Afirka ta Kudu yana yawo a Instagram da WhatsApp, mai hoton wata gada da ke lilo a kan ruwa, kada ya tura ko sisi. Ɗan damfara ne. Naira miliyan 4 da dubu 650 ya karɓa a hannuna, kuɗin da ni da maiɗakina muka daɗe muna tarawa, kuma har yanzu fasfo ɗinmu guda biyu suna wurinsa. Lauyana ya ce kada in ambaci suna tukuna tunda magana tana gaban hukuma, shi ya sa kawai na danne.

Masu cewa kwaɗayin araha ne ya ja ni, ku saurara. Babu araha a miliyan 4 da dubu 650. Kuma ba a intanet kawai na tsince shi ba. Abokin aikina ne ya haɗa mu, ya taɓa yankar masa tikitin Umara, ya je ya dawo lafiya. Na taka da ƙafata har ofishinsa a Abuja. Na ga allon suna a ƙofa, na ga takardar rajistar CAC a bango cikin gilashi, ga sakatariya, ga na'urar sanyaya ɗaki. Da aka kira La'asar shi ya miƙo min buta da hannunsa, muka yi sallah sahu ɗaya. Muna idarwa ya riƙe hannuna ya ce, "Yallaɓai, amana ce, ka ɗauka kai da Hajiya kun riga kun sauka." Wannan maganar ce take hana ni barci. Ya riƙe hannuna fa, a kan sallaya! To wa zai ƙi yarda?

Kuma wuraren da ya lissafa duk suna nan, ba ƙirƙira ya yi ba, na duba a lokacin. Hanyar da ake kira Garden Route, daga Mossel Bay zuwa Storms River. Tuƙa ƙaramin kwale-kwale, wanda suke kira kayak, a cikin kwazazzabon kogin Storms River a dajin Tsitsikamma, a wuce ta ƙarƙashin gadar nan mai tsawon mita 77. Kallon manyan kifayen whale a Plettenberg Bay. Giwaye a gandun dajin Addo. Sai tafiyar ƙasa ta kwana 5 a hanyar Otter Trail, wadda ita ce ta fi jan hankalina. Har labarin 2012 ya ba ni, lokacin da aka maido da 'yan Najeriya 125 daga Johannesburg a kan katin rigakafin shawara, ya ce mu tabbata namu na gaskiya ne. Mutumin da ya san wannan, ta ina zan zarge shi?

Miliyan 2 na fara turawa, kafin alƙalami. Sai miliyan 1 da dubu 800 na tikiti. A'a, na biza ne ya riga, dubu 850, ranar da ya kira ni da daddare wai za a rufe karɓar takardu da safe. Tikitin daga baya ne, bayan ya turo min takardar jirgi mai sunana da na maiɗakina. Ashe ajiyar kujera ce kawai da ba a biya ba, irin wadda ke gogewa da kanta. Ku haɗa: miliyan 2, dubu 850, miliyan 1 da dubu 800. Na ƙarshen ma asusun wani mutum daban ya ba ni, wai na kamfani yana da matsala da banki.

Ɗan yayata da ke karatu a Cape Town ne ya tona asirin. Na tura masa jadawalin don ya zo ya tarye mu, sai ya kira ya ce, "Kawu, wa ya rubuta maka wannan?" Tafiyarmu a Fabrairu ce, su kuwa waɗannan kifayen daga wajen Yuni zuwa Nuwamba suke zuwa gaɓar. Otter Trail kuma mutum 12 kacal ake bari su fara a rana, hukumar gandun daji ta SANParks ce ke ba da gurbi, mutane kan kama wuri tun watanni da yawa kafin lokaci. Shi kuwa mu 22 ya tara a zauren WhatsApp, wai duk rana ɗaya za mu shiga. Ku gaya min, wane ne a Kano ya san watan da kifi ke zuwa Plettenberg Bay? Ni dai abin da mai hankali zai duba na duba.

Ko kafin wannan kiran ma ya fara ɗaga rana, wai ofishin jakadanci ne suka riƙe biza. Da na tambaye shi lambar gurbinmu ta SANParks sai ya turo saƙon murya yana cewa, "Haba Yallaɓai, ni da muka yi sallah tare?" Washegari ya cire kowa daga zauren, ya yi bulokin ɗina. Na koma Abuja na tarar da kwaɗo a ƙofa, an cire allon, maigadi ya ce hayar wata uku ce dama. Maiɗakina ta riga ta sayi takalman tafiya, suna nan a kwalinsu, ta yi sallama da 'yan uwanta kaf. Da wane ido zan kalli surukaina? Miliyan 4 da dubu 650! Allah ya isa, ban yafe ba.

Rasit, alat na banki, hotunan hirarmu da saƙonnin muryarsa duk suna hannuna, zan sako su da zarar lauya ya ba ni dama. Na kai ƙara wurin 'yan sanda, na kuma rubuta wa EFCC. Sauran mutanen zauren, ku neme ni mu haɗa ƙara.

Ku kuma masu shirin tafiya, ku karɓi lambar tikiti ku tabbatar da ita a wurin kamfanin jirgin, ku tambayi SANParks da kanku, kada ku tura kuɗi asusun mutum, kuma kada ku saki fasfo.