Gargaɗi: a yi hattara da mai tallan "wardi da anbar na hunturu" a Kaduna

Assalamu alaikum 'yan uwa. Tun da iskar hunturu ta fara kaɗawa, akwai wata mata da ke yawo da tallan turare a gurufan WhatsApp na matan Kaduna da kuma Instagram, tana cewa ta shigo da wardi da anbar na asali daga Dubai da Saudiyya, irin mai ɗumin nan da yaji-yaji da ke kama jiki lokacin sanyi. Ta cuci mata a Unguwan Rimi da Malali da Tudun Wada, na kuma ji labarinta har Rigasa. Ba zan kama suna ba, don sunan shafin nata ba ya daɗewa take sauya shi, lambar waya ma haka. Salon aikinta ne ba ya canzawa, shi zan bayyana muku.

Ni sana'ata haɗa humra da turaren wuta, kuma kwastomomina ne suka riƙa kawo min kwalaben da suka saya a wurinta in duba musu.

Da ɗanɗano take farawa. Za ta aiko miki da 'yar ƙaramar kwalba kyauta, ko ta zo wurin biki ko walima ta shafa wa mata a bayan hannu. Wannan turaren na gaske ne, kada ki yi shakka. Ki shafa da safe, har bayan isha'i kina jin sa a mayafi: wardi a sama, ɗan ƙamshin kanumfari da kirfa a tsakiya, anbar ɗin kuma ya kwanta a ƙasa. Daga nan sai ta ce kaya sun kusa ƙarewa, akwai rangwame na kwana uku, wadda ta biya yau za a kai mata har gida. Abin da ɗan sahu zai kawo miki ba shi ne abin da kika shinshina ba. Launi ɗaya, kwalba mai kyau, ƙamshin farko ma ya yi kama, amma kafin ki gama ɗaura ɗankwali ya gudu, sai warin sinadari da maiƙo ya rage a fata.

Inda ta fi ba ni haushi shi ne amsar da ta tanada. Idan kin yi ƙorafi sai ta ce, "Haba Hajiya, ai hunturu ne, busasshiyar fata ba ta riƙe turare, ki shafa mai tukuna." Ko ta ce, "Anti, hancinki ne ya saba, tambayi wani." Duka maganganun biyu akwai gaskiya a cikinsu. Fatar da iska ta busar ba ta riƙe ƙamshi kamar mai laushi, kuma hanci yakan gaji da ƙamshin da ya daɗe yana ji. Shi ya sa ta zaɓi wannan lokaci na Nuwamba zuwa Fabrairu, ga bukukuwan ƙarshen shekara da haɗa lefe, ga uzuri a shirye. Sai ki yi ta zargin fatarki har sati ya wuce, lokacin ta toshe ki. Amma tambaya ɗaya ta isa ta rushe uzurin: ɗanɗanon da ta ba ki, ba a cikin hunturun kika shafa shi ba? Fatar ba ita ce ba?

Ku duba farashin ma. Wardin Ɗa'if da take ambata da bakinta, ana noma shi ne a kan tsaunukan Ɗa'if kusa da Makka, ana tsinkar furen da sassafe a 'yan makonni kaɗan wajen Maris da Afrilu, sannan a dafa a tace. Sai an tara dubban furanni kafin a samu tola ɗaya, tola kuwa bai kai giram 12 ba. Duk wadda ta je Hajji ko Umra ta leƙa shagunan Abdul Samad Al Qurashi ko Arabian Oud ta san yadda ake lallaɓa 'yar kwalbar nan. Zallan man wardi ma idan sanyi ya yi yakan ɗan daskare a kwalba, sai kin riƙe shi a tafin hannu ya narke. To yaya za a ce ga cikakkiyar kwalba ta zallansa a kuɗin da bai kai na atamfa ɗaya ba? Anbar ɗin ma haka. Na asali da ake tsinta a bakin teku daga cikin wani babban kifi yake fitowa, yana da wuyar samu ƙwarai. Wanda ke cikin yawancin turarukan da muke saye haɗi ne na ƙaron itatuwa da banila da sinadarai, kuma wannan ba laifi ba ne, haka manyan kamfanoni ke yi. Laifin shi ne a sayar miki da man farafin da aka ɗiga wa ƙamshi a ce miki zallan anbar ne.

Ban da na ɗuri, tana sayar da na feshi masu sunan kamfanonin da muka sani, irin su Lattafa da Rasasi da Ajmal. Kamfanonin ba ruwansu, sunansu aka ara. Wasu kwalaben jabu ne tun daga tushe, wasu kuma na gaske ne da aka yi amfani da su suka ƙare, aka saya a hannun 'yan bola jari aka sake ɗurawa. A cikin waɗanda aka kawo min, na ga wadda lambar da ke gindin kwalba ba ta yi daidai da ta jikin kwali ba, na ga wadda wuyan feshin ke motsi yana yoyo, na ga ledar kwali da aka liƙe da zafin wuta ta yi ƙudundune a gefe. Babu lambar NAFDAC a jikin ko ɗaya. Don haka idan turarenki mai tsada ya ƙare, kada ki jefa kwalba da kwali tare a bola, ki yaga kwalin.

Ba asarar kuɗi kaɗai ba ce. Masu ɗura jabu ba sa zaɓar sinadari mai tsabta, wasu har da methanol suke zubawa saboda arha, shi kuwa guba ne. A wannan lokaci da fata take a tsattsage, abu kaɗan ke sa ta yi ƙuraje. Wata yarinya da ta fesa a wuya ranar kamun ƙawarta, da borin jini ta dawo gida.

Sai ɓangare na biyu, wanda ya fi cin kuɗi. Idan ta ga kin yarda da ita, sai ta jawo ki wani guruf na "masu sari". Ta ce akwai kaya a hanya daga Dubai, a zuba kuɗi tun yanzu a samu farashin kamfani, duk wadda ta kawo mutum biyar tana da kwalba ɗaya kyauta. Kullum akwai hoton katan-katan da bidiyon shago, akwai wasu a cikin guruf ɗin da ba su da aiki sai "Masha Allah Hajiya, nawa ya iso." Ku lura, waɗannan masu shaidar ba wadda ta taɓa ganin su ido da ido. Lambar asusun da take bayarwa kuma ba sunanta ke fitowa ba, yau ta ce na ƙaninta ne, gobe na yaron shago, jibi na mai POS. Idan lokacin isowar kaya ya yi, sai kwastan sun riƙe a Legas, sai a ƙaro kuɗin fito, sai rasuwa aka yi mata. Wata rana da safe a tashi a ga an rufe guruf. Shagon da take cewa tana da shi a Kasuwar Gumi, waɗanda suka je neman sa sun zagaya layin masu turare ba wanda ya san ta.

Wadda take son wardi da anbar na sanyi, ga shi nan a gari. Ki taka da ƙafarki zuwa Kasuwar Gumi ko Kasuwar Bacci ko shagunan Ahmadu Bello Way, wurin wanda gobe ma za ki same shi zaune. Ki sa a ɗura miki a gabanki daga kwalbar da kika shinshina. Ki shafa a hannu ki je ki gama sauran cefanenki, in bayan awa biyu yana nan sai ki dawo ki biya. In aike ne, a kawo ki buɗe ki gwada kafin kuɗi ya fita, mai gaskiya ba ya jin tsoron wannan.

Waɗanda kuɗinsu ya riga ya shiga, kada kunya ta sa ku yi shiru. Ku kira bankinku nan take ku ba da rahoton zamba, domin idan aka yi jinkiri an kwashe kuɗin. Ku adana rasidin tura kuɗi da hoton hirarku da saƙonnin murya da lambobin asusun duka, ku haɗu ku kai ƙara wurin 'yan sanda ko ofishin EFCC na Kaduna, kwalaben kuma a kai wa NAFDAC. Ƙarar mutum goma a tare ta fi ta mutum ɗaya nauyi.

Ku kuma da kuka yi sari a wurinta ba da sani ba, na san ku ma an cuce ku, amma don Allah kada ku ce sai kun fanshe a kan 'yan uwa da maƙwabta. Ku tsayar da sayar da sauran kayan, ku kira waɗanda kuka riga kuka sayar wa ku gaya musu kada su shafa wa yara, kada kuma su zuba a lefe.