Wata uku da saka swici na kulochi a tsohuwar Basuwajata, ga yadda na same shi

Motar Volkswagen Beetle ce, irin wadda aka riƙa haɗawa a Legas tun 1975, gadon mahaifina ce shi ya sa na kasa rabuwa da ita. Duk wanda ya san motocin zamanin nan ya san ba ruwansu, kana murɗa ki, kik ɗin da ke tayar da inji zai juya, ko tana giya ko tana firi. Ni kuma hanbirkina ba ya kamawa sosai, to a giya wan nake barinta. Rannan yarona ɗan shekara bakwai ya ɗauki makulli ya shiga wai shi direba, yana murɗawa motar ta yi tsalle ta daki get. Allah ya kiyaye ƙanwarsa ba ta gaban motar. Ranar ban yi barci ba wallahi.

Shi ne na yi odar swici ɗin nan da ake ɗaurawa a fedar kulochi, sai ka taka kulochi har ƙasa sannan motar ta tashi. Aikinsa ba wani abu ba ne, wayar da ke tasowa daga ki zuwa kik, wadda ake kira lamba 50, ita yake yankewa. Amma fa an sha wuya wajen sakawa, don an yi shi ne domin fedar da ke rataye daga sama, ita kuwa Beetle fedojinta daga ƙasa suke fitowa, sai da mai walda ya yi mana ɗan bireket, muka gwada muka cire muka sake gwadawa kusan yini guda. Mai rewaya ya ce lallai a haɗa da rile, wato 'yar na'urar da ke ɗauke wa swici nauyin wuta, don wutar wayar nan ta fi ƙarfin ɗan swici, zai ƙone. Na bi maganarsa, har yau lafiya lau.

Inda bai min ba, da can in ta mutu a tsakiyar titi nakan sa giya wan in ja ta da kik zuwa gefe, yanzu babu wannan, sai dai a sauka a tura. Tashi da turi kam yana nan yadda yake. Kuma wani tsohon makanike ya ce min taka kulochi lokacin tayarwa yana matsa wa beyarin na karanshaf, wato babban sandan da ke juyawa a cikin inji, kafin mai ya zagaya, gaskiya ne, amma ni dai na zaɓi yarana.

Abin da ya fi burge ni ma ɗan farantin ƙarfen da na haɗo a odar ne, wanda ke ƙarƙashin sandar giya yana hana ta faɗawa ribas. A Beetle ribas da giya tu maƙwabta ne, hagu ka ja baya, bambancin kawai sai ka danna sandar ƙasa kafin ribas ta shiga. Tsohon farantin nawa ya cinye, in zan sauko daga uku zuwa biyu sai in ji ƙarrr, kowa a titi ya waigo, abin kunya. Ƙusa biyu ne kawai, sifana 13, minti ashirin an gama. Sai dai a lura da fuskarsa, mun fara saka shi a juye, ribas ta ƙi shiga sam har muka ɗauka giyabos ne, ashe juya shi kawai za a yi a ɗan daidaita. Tun ranar ban sake jin ƙarar nan ba.

Makullin dai yanzu a aljihuna yake kwana, hanbirkin ma na kai an gyara.